Ƙofar da Baffanka Yake Gadi

Silver Spring,
Alhamis, bayan la'asar.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda ka buɗe ta, ko a filin jirgi, ko a masaukin da kamfani ya kama muku. Allah Ya tsare fitarka, Ya tsare dawowarka, Ya raba ka da sharrin hanya da na abokin tafiya. Mahaifiyarka za ta sa maka ita a jaka, kusa da yajin da ta daka maka. Ban ba ka hannu da hannu ba don na san halinka: a tsaye za ka karanta, ka ce mini ka gane, ka fita.

Da Hausa na rubuta, kuma na san za ka sha wuya. Ka bi ta a hankali. Turancina na rahoto ne. In na kama alƙalami da shi, ba abin da ke fitowa sai "an lura" da "an gano" da "ana ba da shawara". Na rubuta irin wannan har hannuna ya gaji.

Shekaranjiya muna cin abinci ka gaya mini cewa da zarar kun gama horo, tashar jiragen ruwa ta farko da za a tura ku bincike ita ce ta can gida, wadda ƙanena, Baffanka Sani, yake shugabantar masu gadin babbar ƙofarta. Ka ce kuma kai aka zaɓa ka yi gwajin ƙofa. Na ajiye cokali na shige ɗaki. Ina jin mahaifiyarka ta bango tana cewa, "Malam, yaro ya kawo maka labarin aiki, ko barka babu?" Gaskiyarta. Barka, Abba. Ka yi karatu, ka samu aikinka da kanka, ban roƙar maka kowa ba. Da ka nemi shawarata da ban ce ka shiga wannan sana'ar ba, amma ba ka nema ba, kuma ban ga laifinka ba; ni ma ban nemi ta kowa ba.

Ga abin da ba ka sani ba. Bara an yi wa ƙofar Baffanka gwaji, ta faɗi. Masu tafiyar da tashar sun kira shi ofis sun ce in aka kuma, ya ajiye musu kakinsu. Sani ya doshi sittin. Gidansa cike yake, da nasa da marayun 'yar'uwarmu, kuma ba shi da wata sana'a a hannu in ban da tsayuwa a bakin ƙofa. In ka wuce ƙofar nan ba a tambaye ka kati ba, aikin Baffanka ya ƙare, kuma ƙafafunka ne suka ƙarar da shi.

Ka ce ka gaya wa ogarku baffanka ne, ta ce ba komai, tunda kai tafiya kawai za ka yi, wani ne zai tsaya daga nesa ya rubuta. Har ta ce hakan ma ya fi, don in ƙofa ta tsayar da ɗan wan shugaban gadi, to kowa ma za ta tsayar. Ban ce ƙarya ta yi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai da mutanen nan ke nan, da wuya ka kama su da ƙarya.

Za su koya muku abubuwa da yawa a horon: tsawon katanga, lungun da hasken fitila ba ya kaiwa, kyamarar da aka maƙala don ado, hatimin kwantena da aka taɓa, ma'aikacin da ya kamata ya tsaya a kan tsanin hawa jirgi amma ya tafi shan shayi. Ka koya da kyau, duk aiki ne na gaske. Amma waɗannan ƙarfe ne da waya. In ka rubuta fitila ta mutu, ƙwai za a canza. Gwajin ƙofa daban ne. Mutum ɗaya daga cikinku zai sa kayan gida, ya taka zuwa ƙofa ba a san da zuwansa ba. In mai gadi ya ce ina kati, ya dubi hoto ya dubi fuska, ya kira ofis, sun ci. In ya bari aka shige, sun faɗi. Rahoto ya tafi wurin masu jirage da masu inshora, duk jirgin da ya taso daga tashar a riƙa tsare shi a bakin ruwa a nan ana masa binciken ƙwaƙwaf, tasha ta yi asara, manya su zauna a ɗaki mai sanyi su nemi wanda za a ɗora wa. Ban taɓa ganin an ɗora wa wanda ke cikin ɗakin ba.

Ka san labarin Malam Idi sama-sama, don mahaifiyarka takan ambace shi in muna faɗa. Bari ka ji shi a tsare.

Tafiyata ta farko da kamfanin nan, wata tasha ce a ƙasar masu jin Faransanci a bakin tekunmu. Shugaban tawagarmu wani Ba'amurke ne, Wolta, tsohon ma'aikacin jirgi, mutumin kirki in dai ba a kan aiki ba. Shi ya fara gwada babbar ƙofa da safe, aka tsayar da shi, aka juya katinsa gaba da baya. Ya dawo mota ya ce, "Haruna, je ka gwada ta gefen, mu cika ƙa'ida." Na tafi. Na tarar da wani dattijo a kan benci, da butarsa da carbinsa, hular kaki ta yi masa yawa. A garuruwan bakin tekun nan masu gadi da yawa mutanenmu ne na arewa, an yarda da amanarsu, kuma ba su da tsada. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni: "Salamu alaikum." Dattijon ya miƙe zumbur.

"Wa alaikumus salam! Bahaushe ne? Daga ina?"

"Daga Gumel, Baba."

"Kai, madalla! Ni Idi, mutumin Dogon Dutsi. Ya hanya? Ya mutan gida? Kun samu ruwa bana?"

Muka gaisa har muka gaji. Ya karɓi jakata, ya ture ƙarfen ƙofar da kafaɗa, ya raka ni har gindin wani jirgin shinkafa, yana ba ni labarin 'yarsa da ke karatun ungozoma. Bai tambaye ni komai ba. Ni kuma ban tuna abin da ya kawo ni ba sai da na waiga na hango Wolta a jikin mota yana rubutu.

A mota na ce masa wannan ba gwaji ba ne, gaisawa muka yi. Ya ce, "To in wanda ya zo da bam ya iya gaisuwar fa?" Har yau ban samu amsar ba, kuma na neme ta.

Kuskurena na farko ke nan, kuma na sakarci ne, ba na mugunta ba. Na shiga aiki da bakin da nake shiga masallaci da shi. Saboda haka, Abba, kafin ka sauka daga mota ka san a matsayin wa kake sauka. In ɗan gida ne, ka bar katin aiki a otal. In ma'aikaci ne, ka kama bakinka. Ranar da ka haɗa biyun, wani ne zai kwana da yunwa, ba kai ba.

Na biyu ya fi muni, don shi ina sane na yi. Tun daga ranar na zama mabuɗin kamfani. Duk tashar da ta yi taurin kai, sai a ce a tura Haruna. Wolta ya ce in daina sa kwat, in riƙa sa babbar riga da hula, in riƙe carbi. Da furfura ta fara fito mini har barka ya yi mini, ya ce kayan aiki sun ƙaru. Aka yi dariya, har da ni. Kuma na ji daɗin abin, Abba. Ni da a ofishinmu na nan ba a iya faɗin sunana daidai, ni da ake tsallake ni in ana ƙarin girma, sai ga wani abu da ba wanda ya iya sai ni. A taro a ce, "Ba ƙofar da ke tsayar da mutumin nan," a tafa, in sunkuyar da kai kamar mai kunya. Na ɗauka daraja ce. Ban lura ba cewa tarbiyyar mutanena ake yi wa dariya, ni kuma nake ɗauko musu ita har ofis.

Bayan wasu shekaru aiki ya mayar da ni garin Malam Idi. Ranar Juma'a na je masallacin zango, ana fitowa sai na gan shi a bakin hanya da faifan goro, ya rame. Na so in sulale, ya riga ya gan ni.

"Alhaji na Gumel! An zo lafiya? Ya iyali?"

Na ce lafiya lau. Na ce, "Baba, ya aiki?" Ka ji tambayar banza.

"Ai aiki ya ƙare tun zuwanka na wancan karon. Shef, wato ogan gadi, ya ce na bar wani ya shiga ba karti." Ya tona faifan ya zaɓo farin goro. "Daga baya aka ce mini kai ne mai jarrabawar. Na ce ko da na sani, abin da zan yi ke nan. Mutum ya yi mini sallama da harshen uwata a ƙasar mutane, in ce masa ina takarda? Ci goro, Alhaji."

Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Na ci goron.

In ka ga ana yabonka a wurin aiki a kan abin da ba a makaranta ka koya ba, abin da a gida ka sha shi, ka tsaya ka tambayi kanka wa ake yankawa da shi. Ogarku ba don takardunka kaɗai ta ɗauke ka ba. Masu irin takardunka sun cika garin nan. Ta ga sunanka, ta ga fuskarka, ta ji kana jin Hausa. Ni na koya musu amfanin irin wannan fuskar. In kana neman wanda za ka yi fushi da shi, ga ni.

Kada ka ɗauka ina nufin dokar banza ce. Na taɓa ɗaukar haka, kuma shi ne kuskurena na uku. Bayan na rabu da Malam Idi zuciyata ta juye, na ce ni da cin aikin talaka har abada. A wata tasha aka tura ni wata ƙaramar ƙofa ta 'yan dako, na tarar da ita a wangale, mai gadin yana can yana alwala, mutane na shiga suna fita kamar kasuwa. Ranar ba mai kallona daga nesa. Na jira ya idar da salla, na ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, tambaye ni kati." Ya tambaya, na nuna, na koma na ce ƙofa lafiya take. Na yini ina jin kaina mutumin kirki.

Ba a daɗe ba wani jirgin da ya yi lodi a tashar ya iso Baltimore, aka kira mu saboda mu muka duba ta. A bayan jirgi, can ƙasa kusa da ruwa, akwai wani ɗan kogo a saman ƙarfen da ke juya jirgin. Masu son tsallakowa a ɓoye nan suke maƙalewa. Mutum biyu aka ciro. Sanyin teku ya gama da su tun a hanya. Ɗaya yana da tsaga irin ta mutanen yankinmu, da laya a damtse, da ledar garin rogo ɗaure a ƙugu, ko rabi bai ci ba. Ban ce ta ƙofar nan suka shiga ba. Wataƙila da kwalekwale suka zo ta ruwa, haka ma ana yi. Ba wanda ya tuhume ni, ba kuma wanda zai iya wanke ni. Amma na tsaya a bakin ruwan nan cikin iskar hunturu na gane cewa ƙofar da ba ta tambaya, ba ɓarawo kaɗai take bari ya wuce ba, har da wanda da an tsayar da shi, da yanzu yana gida yana jin haushin mai gadi.

To ka ga inda aka ajiye mu. In ka faɗi gaskiya, tsoho ya koma tallar goro. In ka kau da kai, a ciro gawa. Duk da haka kada ka kau da kai, ko a kan waye. Tausayin da za ka ji, ka ji shi, amma abin da ka gani shi za ka faɗa.

Na yi shekaru ina neman mafita, kuma wadda na ɗauka na samu ita ta kawo mu inda muke yau. Na ce tunda rashin horo ne matsalar, bari in horar da nawa. Lokacin shagon Sani ya karye, yana zaune. Na sa shi ya yi kwas, na aika masa littattafaina, na riƙa kiransa ina masa tambayoyi kamar ɗan makaranta. Da aka buɗe gurbi a tashar ya nema ya samu, ya yi ta hawa har ya zama shugaba. Kuma wallahi ya iya aiki. Ya taɓa shanya motar wani babban mutum a rana har sai da direba ya koma ya ɗauko takarda. Bature kuwa ko kullum yake shiga, kullum sai ya nuna kati. In mun haɗu da 'yan'uwa a Beltsville, likitoci na zancen gidajen da suka saya a Mitchellville, ni mai zaman haya ba ni da abin faɗi sai ƙofar Sani. In ce ga shaida nan, mu ma za mu iya.

Ka san wa ya kayar da ita bara? Wani dattijo mai farin gemu da babbar riga, da wani kamfanin daban ya turo. Ya yi sallama, ya ce ɗansa yake nema a ciki. Sani da kansa ya ba shi kujera da ruwa, sannan ya sa aka raka shi. Salon nawa ne, Abba, har carbin. Ni na yi ritaya, dabarar ba ta yi ba.

Kwas yana koya wa mutum abin da zai yi da baƙo. Ba kwas ɗin da zai sa Sani ya dubi babba ko ɗan'uwa ya ga baƙo. Na ɗauka abin da aka shayar da mutum littafi zai cire shi, na ɗora ƙanena a kujerar da wata rana dole ya zaɓa tsakanin abincinsa da mutuncinsa. Kada ka taɓa nema wa ɗan'uwa aiki a inda kai ko irinka za ku zo ku auna shi.

Jiya ya kira ni. Tun makon jiya, kafin mu san inda za a tura ka, mahaifiyarka ta gaya wa matarsa Hajara cewa ka samu aiki irin nawa. Yanzu na roƙe ta kada ta ƙara ko kalma. Ka san sunan mahaifinmu ka ci, shi ya sa ni da Sani ba mai kiran sunanka na yanka. Da murnarsa ya fara magana.

"Yaya! Ashe Babanmu ya gaje ka? Kai, Allah Ya yi albarka! Wato yanzu mu uku ne a harkar teku, mu da ko iyo ba mu iya ba."

Na ce, "Haka Allah Ya so."

"To ka gaya masa, duk ranar da aiki ya biyo da shi ta nan, ƙofata tasa ce. Na nuna wa yarana hotonsa na salla. Na ce ku dubi fuskar nan da kyau, fuskar mahaifina ce, duk wanda ya tsayar da ita ni zan kore shi kafin kamfani."

Na ce, "Sani, dokar fa? Ka manta bara?"

Ya yi dariya. "Yaya ke nan, Ba'amurke! Bara baƙo ne ya yaudare ni. Wannan kuwa sunan da ke kan katinsa ko faɗinsa ba na iyawa, sai in ce ya miƙo in karanta? Kai dai ce masa ya zo da yunwa, Hajara ta ce dambun nama za ta yi masa."

Na riƙe wayar, maganar tana bakina: yana zuwa, ka tambaye shi kati. Ban faɗa ba. Sani bai iya ɓoye abu ba. In na gaya masa, ranar za ka tarar an share ƙofa an yayyafa ruwa, masu gadi sun jeru kaki ya sha guga, shi kuma yana ƙifta maka ido. Mai rubutu daga nesa ba yaro ba ne. Za a kore ka a tafiyarka ta farko, a ce ka fallasa gwaji, kuma a sana'ar nan wanda aka faɗa wa haka ya gama. Shi ma Sanin ba zai tsira ba. Ban da haka, na taɓa yi wa mai gadi raɗa, ka ji abin da na gani bayanta. Na ce a gaida Hajara, na kashe.

Saura abu ɗaya, kuma ba na son sa. Na san ƙanena. In yana cikin farin ciki ba shi da doka, amma in aka ɓata masa rai, doka yake komawa ya ɓuya a cikinta. Tun muna yara haka yake. In muka yi faɗa ba ya zagi, sai ya daina ce mini Yaya, ya koma "Malam Haruna", ya riƙa yi mini komai bisa ƙa'ida kamar ma'aikacin banki. Wannan halin shi kaɗai ya rage da zai iya cetonsa.

Ga abin da nake roƙonka. In an ba ka zaɓin lokaci, ka je da safe, sa'ad da shi da kansa yake zama a bakin ƙofa. Kada ka sa kaftani. Ka sa wandon nan naka da kullum nake faɗa a kansa. Hannu a aljihu. Kada ka yi sallama. In yaransa sun gane ka sun miƙe, kada ka dube su. In ya taso da hannu a buɗe yana cewa "Babana", kada ka durƙusa, kada ka miƙa hannu. Ka dube shi yadda ake dubanmu a filin jirgi, ka yi masa Turanci, ka ce sauri kake yi. A gaban yaransa. Ka rage tafiya, ka ba abin lokaci ya shige shi. In Allah Ya taimake mu, fuskarsa za ta canza, ya ja da baya, ya ce, "Malam, ina katinka?"

Wannan ba ha'inci ba ne. Ba ka nuna kati ba, ba ka yi ishara ba. Baƙo aka ce a tura, baƙo ya je. Na san abin da Wolta zai ce, cewa mugu na gaske da sallama zai zo. Gaskiya ne. Amma na ba su sallamata shekara da shekaru, ba zan ba su taka ba.

In kuma ya haɗiye, ya buɗe maka don darajar wanda ka ci sunansa, to ka shiga. Kada ka juya, kada ka yi kamar ka manta wani abu a mota. Ka shiga, ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Iyalinsa sai mu san yadda za mu yi da su. In gaya maka gaskiya, na fi zaton haka za a yi. Sani ya fi son mahaifinmu a kan kansa.

Ko ya ci ko ya faɗi, kada ka koma daga baya ka yi masa bayani. In ya san da gangan ka yi, kafin la'asar duk tashar ta ji, har ofis. Kada ka je cin dambun. Ka bar shi ya kira ni. Zai ce, "Malam Haruna, abin da ka haifa mana ke nan?" Labari zai kai Gumel cewa ɗan Haruna ya ga baffansa ya tsaya da hannu a aljihu, a ce da ma me ake jira daga wanda ya tashi a can. Zan ce haka ne, laifina ne, ban yi tarbiyya ba. Ba zan kare ka ba, kai ma kada ka kare kanka.

Kana ƙarami, in mun je gaisuwar salla gidajen mutane, nakan tsayar da kai a bakin ƙofa cikin sanyi in ce ba za mu shiga ba sai ka yi sallama an ji, in danna kafaɗarka har gwiwarka ta taɓa ƙasa, kana kuka kana ce mini da Turanci sauran yara ba sa yi. Ban kawo gona ƙasar nan ba, ban kawo gida ba. Abin da na iya ɗaukowa ke nan, kuma ka karɓa, har dattawa suna nuna ka ga 'ya'yansu. Yau ni ne nake cewa ka bar shi a mota, a ƙofar mutumin da ya fi kowa cancantarsa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Ya tsare ka a kan tsani da ƙarƙashin ƙugiyar ɗaga kaya, Ya tsare ka daga ruwa da abin da ke cikinsa. Ka riƙe salla ko a cikin jirgi ne, ka riƙa kiran mahaifiyarka, ba ta iya jira ba. Ka yafe mini abin da na ɗora maka. Ni kuma daga yau har ranar, addu'ata ɗaya ce bayan kowace salla, kuma ban taɓa zaton zan yi wa ɗan'uwana irinta ba: Allah Ya sa ransa ya ɓaci.

Wassalam.

Mahaifinka,
Haruna